In zaka je dam ɗin Dadin Kowa, ga yadda zaka yi

Jama'a salamu alaikum. Wannan rubutun na yi shi ne saboda 'yan uwana na cikin garin Gombe, musamman matasa, duk sallah sai kaga an cika mota an nufi Dadin Kowa, aje a tsaya bakin dam a ɗau hoto a juyo kafin la'asar, in ka tambayi mutum me ka gano sai yace maka ruwa. Toh ruwa kam akwai shi, amma wallahi abinda ke wajen ya wuce haka nesa ba kusa ba, kuma abin yana damuna ace ruwan da ake tacewa a turo mana a famfo har cikin gari daga can yake fitowa amma bamu san komai akan mutanen da ke zaune a bakinsa ba. Na sha zuwa wajen, wani lokaci sayen kifi wani lokaci haka kawai, shiyasa nace bari in faɗi yadda nake ganin ya kamata mutum ya tsara tafiyar tun daga gida.

Kafin ka taka ƙafa ka fita, ka san ina zaka. Dam ɗin yana ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba, wajen kilomita 37 gabas da garin Gombe akan hanyar Biu, kuma kogin Gongola aka tare aka yi shi, gwamnatin tarayya ce ta gina cikin shekarun 1980. Faɗin ruwan da ya taru ya kai wajen murabba'in kilomita 300, wato in ka tsaya a wani wajen zaka ga ruwa iya ganinka kamar ba a Gombe kake ba, ya miƙe arewa ya shafi ƙasar Kwami da Funakaye, ta gabas kuma ga iyakar Borno nan kusa. Shi kansa Gongolan daga tsaunukan Jos ya taso, ya ratsa jihar Bauchi ya nufi arewa maso gabas kamar Chadi zai tafi, sai da ya zo wajen Nafada ya yi kwana ya dawo kudu, ya wuce Dadin Kowa, ya haɗu da kogin Hawal, ya bi ta dam ɗin Kiri a Adamawa sannan ya faɗa Binuwai a Numan. Wannan kwanar ta Nafada ka riƙeta a ranka don zata maka amfani in kana yi wa yara bayani, ruwan da ya sauka a arewacin Bauchi ta kogin Jama'are tafkin Chadi yake nufa ta Komadugu Yobe, namu kuwa na Gongola teku yake zuwa ta Binuwai da Neja. Makwabta ne amma kowa da inda ya dosa.

Maganar lokaci kuma, ni dai shawarata ka bari sai damina ta ɗauke, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu. Lokacin ruwa a cike yake, hanyoyin ƙauyukan bakin ruwa sun bushe, ga 'yan noman rani sun fara aiki, rana ma da sauƙi. Illarsa ɗaya hazo, ranar da hunturu ya yi ƙarfi ba zaka hango nesa ba kuma iska tana tada ruwa, irin ranar nan kar ka shiga kwalekwale ko da kyauta ne. Watan Agusta da Satumba kuwa lokacin cikar kogi ne, in ruwa ya yi yawa akan buɗe ƙofofin dam a rage, mutanen da ke ƙasa da dam suna cikin fargabar gonakinsu, ba lokacin yawon buɗe ido bane gaskiya. Maris da Afrilu zafi ne mai sunan zafi, amma fa a lokacin ne ruwa yake ja baya ƙasa ta fito, in kana son dattijo ya nuna maka da yatsa yace can ne gonar babana take, toh lokacin ne.

Ka fita da sassafe, bayan asuba in da hali. In baka da abin hawa kaje tashar Dadin Kowa nan cikin gari ka hau mota, zaku wuce Liji ku wuce Kwadon, in ka sauka a garin Dadin Kowa sai ka ɗau ɗan acaba don dam ɗin yana arewa da gari da 'yar tazara, kamar kilomita 5. Dalilin sammakon shine masunta da safe suke fitowa da abinda raga ta kama da dare, in ka makara sai dai ka tarar da ɓawo da ƙudaje, 'yan sari sun kwashe. Ka riƙo ruwan shanka, hula, takalmi mai rufi saboda ƙaya da laka, katin shaida, da kuɗi a hannu 'yan canji, don ba ko'ina sabis yake da kyau ba balle kace zaka yi taransifa. Ka sayi goro ko dabino ka saka a aljihu, zan faɗi amfaninsa a gaba.

Wajen ginin dam ɗin kansa da tashar wutar lantarki mai megawat 40 da ke jikinsa, akwai masu tsaro kuma ba wajen wasa bane. Ka yi sallama ka faɗi abinda ya kawoka, inda aka ce tsaya ka tsaya, inda aka ce banda hoto ka maida wayarka aljihu ba gardama. In ku da yawa ne, misali 'yan makaranta ko ƙungiya, ku rubuta takarda tun kafin ranar zuwa ga hukumar raya kogin Binuwai ta sama wadda dam ɗin ke ƙarƙashinta, ya fi muku sauƙi akan kuzo ku tsaya a geti kuna roƙo da yara a rana. Minti talatin ya isheka a nan. Sauran ranar ka kaita inda mutane suke.

Yanzu ga inda nafi so a saurareni. In ka isa mashigar da masunta suke ajiye jiragensu, kar ka faɗa musu da kamara a hannu kamar ka zo kallon wasa, mutanen nan aiki suke, wasu sun kwana akan ruwa idonsu jajir. Ka yi sallama, kace sannunku da aiki, ya ruwa, ya sanyi, sannan ka tambayi wani yaro ko matashi dan Allah ina zan samu sarkin ruwa ko shugaban masunta. In an kaika ka rusuna ka gaida shi, Baba ina kwana, ranka ya daɗe ni baƙo ne daga Gombe na zo ganin ruwa ne da neman sanin tarihin wajen nan, ka miƙa ɗan goronka. Shikenan ka buɗe ƙofa. Daga nan shi zai haɗaka da wanda zai zaga da kai, shi zai ce wane ɗauke shi a jirginka, kuma duk wanda ya ganka ya san da sanin manya kake yawo. Haka in ƙauye ka shiga ka fara da ƙofar mai unguwa ko dagaci. Wannan ƙasar Tera ce tun fil azal, su suna kiran kansu Nyimatli, ga Hinna ga Gwani ga Shinga ga Wade ga su Zambuk da Deba duk garuruwansu ne masu tarihi, sannan ga Fulani da shanunsu, ga Hausawa masunta da 'yan kasuwa da ruwan ya jawo daga nesa, kowa yana jin Hausa amma in ka roƙi wani ya koya maka gaisuwa ɗaya da Teranci ka gaida tsoho da ita zaka ga yadda fuskarsa zata sake.

Abinda mutane basa lura dashi shine tafkin nan yaro ne. Duk wanda ya haura shekara hamsin a yankin ya girme shi, ya san lokacin da kogi ne kawai yake wucewa, da rani ya janye a taka yashi a haye. Kenan ƙarƙashin ruwan da kake kallo akwai gonaki da fadamu da wuraren zaman mutane da aka tasa, kuma waɗanda suka ga abin da idonsu suna nan da rai amma kullum raguwa suke. In ka samu irin wannan dattijon, ka zauna a ƙasa ko akan tabarmar da aka baka, ka nemi izini kafin ka kunna rikodin a waya, kace Baba ina so in ɗauki muryarka saboda jikoki, in yace a'a ka haƙura ka saurara da kunne. Kar ka tambaye shi a wace shekara, yawanci ba da lissafin bature suke riƙe abu ba, zaka sa shi ya yi shiru ko ya faɗi abinda bai tabbatar ba don ya faranta maka. Ka ɗaure tambayar a jikin abinda kowa ya sani, kace lokacin Shagari ne ko bayan an yi canjin kuɗi na Buhari, wato 1984, ko kace kafin a ba Gombe jiha ne ko bayan nan, wato 1996, ko kace lokacin ka yi aure ko da saura. Sai kaga labari ya warware kamar zare. Ka tambaye shi me ake nomawa a wajen kafin ruwa ya zo, ina kasuwa take ci, ta ina ake haye kogi, wane kifi ne ake kamawa da wanda yanzu ya yi wuya, ranar da suka tashi me suka fara ɗauka. In ya shiga maganar diyya ko abinda ya ɓata masa rai kar ka katse shi kuma kar ka ƙara gishiri, ka bari ya gama. Wani dattijo da na taɓa zama dashi, ana cikin hira ya yi shiru ya daɗe yana kallon ruwa sannan yace min akwai wata tsamiya da suke hutawa a gindinta in sun taso daga gona, har yau in yana cikin jirgi ya san daidai inda take. Na dawo gida maganar nan bata bar raina ba.

Kuma dan Allah kar a manta da mata. Su suka san yadda ɗiban ruwa ya canza, su ke gyaran kifi da suya da banda a gidaje da yawa, su suka san cutar da ta fi kama yara. In kai namiji ne ka tafi da 'yar uwarka ko maiɗakinka ta shiga cikin gida ta gaida su Inna ta ji nasu, kai ka tsaya a zaure.

A cikin masuntan zaka iya dacewa da wanda ya yi su a tafkin Chadi, irin waɗanda suka zauna Baga da Doron Baga kafin rikici ya tarwatsa mutane, musamman bayan harin Janairun 2015. In ka same shi ka yi sa'a babba, don shi zai kwatanta maka babban tafki da ƙarami. Chadi a shekarun 1960 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 kafin farin shekarun 1970 da 1980 ya janye shi, namu a gefensa kamar kwano ne a gaban randa, amma irin sana'ar ɗaya ce, kayan aikin ma kusan ɗaya. Sai dai ka bi a hankali, wasu sun rasa 'yan uwa da dukiya a can, ka fara da maganar kifi da ruwa, in shi ya ga dama zai kai maganar inda yake so.

Tarihin da ya girmi dam ɗin ma yana nan jibge a bakin kogin nan. Ka ɗaga kai ka dubi dutsen Bima, tun kafin zuwan Turawa mutane suke danganta shi da labaran bayyanar Mahadi. In ka bi kogin sama ta wajen Bajoga da Ashaka zaka iske Bormi, inda aka yi yaƙin da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ranar 27 ga Yuli 1903 yana kan hanyar hijira zuwa gabas, shi da ɗimbin jama'arsa, Allah ya jiƙansu. Can sama kuma a ƙasar Dukku ga Gombe Abba, hedikwatar farko ta masarautar da Modibbo Buba Yero ya kafa bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, daga baya aka koma Nafada a 1913 sannan aka dawo Doma a 1919, inda muke zaune yanzu. Bormi da Gombe Abba da Nafada duk a jikin Gongola suke. Waɗannan ba tafiyar rana ɗaya bace da Dadin Kowa, ka ware musu wata ranar daban.

Shiga jirgi. Nan ne bana sassautawa. Kar ka shiga sai da wanda sarkin ruwa ya haɗaka dashi, kar ka shiga jirgin da aka yi wa lodi har ruwa ya kusa bakinsa, ka tambayi rigar kariya in babu kuma baka iya ruwa ba ka haƙura, yara ƙanana ka barsu a tudu da babba. Ka zauna inda mai jirgi yace, banda miƙewa tsaye don ɗaukar hoto, banda kowa ya karkata gefe ɗaya don an ga wani abu. Akwai dorina a ruwan nan, ba labari bane, manoma da masuntan wajen Hinna sun sha kuka da ɓarnar da take musu a gona har da asarar rai. Da rana tana cikin ruwa sai hanci da kunnuwa zaka gani, da yamma zuwa dare take fitowa kiwo, kuma wadda take da ɗa ita ce mafi haɗari. In mai jirgi yace ba za a bi ta can ba kar kace zaka ƙara masa kuɗi ya matsa kusa, shi ya san me ya gani. In ka ga sawunta a laka ko hanyar da ta murƙushe ciyawa, kar ka tsaya tsakanin wajen da ruwa.

Wanka kuma ka manta dashi, ko da kaga yaran gari suna ta tsalle a ciki. Ruwan da baya gudu mai ciyawa a gefe shine gidan ƙananan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya, ƙwayar ta fata take shiga ba sai ka sha ba, bayan wasu makonni ko watanni yaro ya fara fitsarin jini. In ya riga ya faru aje asibiti akwai maganinta, kar a tsaya jiƙe-jiƙe.

In kana son ganin tsuntsaye ka samu inuwa kusa da fadama ka zauna shiru na ɗan lokaci, zaka ga zalɓe tsaye a ruwa kamar an dasa shi, ga balbela tana bin shanu, ga kirinjijiya garke guda suna tashi da kukansu, shirwa tana shawagi saman inda ake gyaran kifi. Ka sa yara su ƙirga iri nawa suka gani su tambayi sunan kowanne a wajen 'yan gari. Zaka kuma ji ana buga gwangwani ana ihu a gonakin shinkafa, jan baki ake kora, tsuntsun nan ƙarami in ya sauka dubbai a gona kafin ka ankara ya gama da ita, manomi da 'ya'yansa a nan suke wuni tun asuba. Ka tsaya ka yi musu sannu. Ka dubi yadda ruwa ke bin kwalbati da magudanai ya shiga gonakin shinkafa da masara da albasa da tumatir da kankana, in kana sha'awar harkar lambu ga Kwalejin Koyon Aikin Lambu ta Tarayya nan a garin, zaka iya leƙawa ka tambayi dashen mangwaro ko gwaiba.

Sai sayen kifi, wanda nasan da yawa shi ya kawo su. Ka fara sanin sunan abinda kake saya, karfasa ce ko tarwaɗa ko kurungu ko ragon ruwa ko bargi, in an dace a samu giwan ruwa. Ɗanye ka ɗaga kunnensa ka duba, in ja ne jawur toh na yau ne, in ya yi fari-fari ko ruwan ƙasa ka ajiye, idon ya zama garau bai faɗa ciki ba, ka danna jikin da yatsa in ya dawo lafiya in ya lotsa ya kwana. Tarwaɗa ma ka saye ta tana motsi. Kifin banda kuma ka ɗauki ɗaya ka karya ka duba ciki ko akwai ƙwari ko gari-gari, ka shinshina, ƙamshin hayaƙi ya kamata kaji, in kaji wani wari kamar na fiya-fiya ka bar shi komai arharsa don akwai masu yayyafa maganin ƙwari saboda kar ya lalace, guba ce. Ka yi ciniki, ai kasuwa ce, yace albarka ka ƙara har ya sallama, amma kar ka matse mutumin da ya kwana cikin sanyi akan abinda bai kai kuɗin katin waya ba. Abu ɗaya da nake roƙo, in kaga an kasa 'yan mitsi-mitsin karfasa da basu kai yatsa biyu ba ka wuce su, da raga mai ƙananan ido ake kamo su tun basu yi ƙwai ba, kuma su masuntan da kansu zasu gaya maka kifi yana raguwa yana ƙanƙancewa. In masu saye sun ƙi, masu kamawa zasu rage.

Ka taho da kula da ƙanƙara in ɗanye zaka saya da yawa, in babu ka bayar a gyara maka a barbaɗa gishiri, ko a soya maka a nan ka ci da yaji da albasa a bakin ruwa. Ledar da ka sha ruwa da robar lemo ka haɗa ka dawo da abinka, shanu suna haɗiye leda kuma ruwan nan dai shi zai biyoka gida a famfo. Kafin ka tafi ka koma ka yi wa sarkin ruwa sallama, ka sallami wanda ya zaga da kai da abinda ya sauwaƙa, ka karɓi lambar wani a cikinsu. In ka ɗauki muryar dattijo ko hotonsa, da ka isa gida ka rubuta sunan garin da ranar a jikin fayil ɗin tun baka manta ba, ka tura wa ɗansa ko jikansa ta WhatsApp, hoton kuma ka wanke guda ɗaya ka kai masa in zaka koma. Ka kama hanya da la'asar sakaliya don ka shigo Gombe kafin magariba, hanyar Biu da manyan motoci bata da daɗin bi da duhu.